Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shagon Takarda

Jama'a barkanmu da warhaka. Wancan makon mun tsaya inda Kawu ya ɗauko ni daga Jega ya kawo ni shagonshi na Birnin Kebbi, to bari mu ɗora.

Shagon takardu ne da fotokofi, aikina na farko sauke kaya in mota ta zo daga Kano. Katan ɗaya rim biyar, kowane rim falle 500, kuma A4 mai giram 80 katan ɗinta ya haura kilo 12, kafin ka gama jera su bayanka ya gaya maka. Ni kuma da shegen son karance-karance sai in tsaya ina duba jikin katan, PaperOne daga Indonesiya, Double A daga Tailan, Chamex daga Burazil, kwalin da masu buga katin biki da kalanda ke saya yawanci na Chana ne. Ko ɗaya ba namu.

Ranan na ce Kawu wai mu ba mu iya yin takarda ne? Ya ce kai yaro ne, masana'anta uku gwamnati ta gina, ta Jebba da ta fara aiki 1969, ta Oku-Iboku mai takardar jarida, sai ta Iwopin a Ogun, duk suka durƙushe, rashin kayan gyara da rashin riƙo. Wani dila a Sabon Gari ya ƙara min bayani daga baya, Burazil gonar itacen turare gare su ta musamman, shekara bakwai sun sare sun sake dasawa, su Finlan da Suwidin itacensu sai ya shekara da yawa amma daji gare su har ba iyaka, ga injina. Jamus da Amurka da Chana su ma suna gaba wajen fitar da takarda. Kwantena ta sauka Apapa, a biya kwastan, tirela ta kai Kano, mu kuma mu ne wutsiya, kowa ya ɗora ribarshi kafin ta iso mu.

Abin ma ba yau ya fara ba. Akwai wani malami daga Gwandu da ke kawo mana fotokofin littattafan kakanninshi, ya ce in ɗaga falle ɗaya in duba ta rana, sai ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin takardar. Ta Italiya ce, ta Tarabulus take bi raƙuma su ratso Sahara da ita. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa wajen ɗora ta kan inji.

Da aka rufe boda a Agustan 2019 ɗan abin da ke shigowa daga Kwatano ta Kamba ya tsaya, muka dogara da Legas kaɗai. Amma wanda ya karya mu shi ne 2023 da aka saki Naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta wuce 1,500 farkon 2024, ka sayar da katan yau gobe kuɗin ba ya sayo maka wani. Makarantu suka koma buga jarrabawa gaba da baya, ƙananan rubutu kamar tururuwa, ɗalibai kuma su ce tura min ta WhatsApp kawai.

A cikin wannan halin ne Kawu ya kira ni bayan isha'i ya ce in shirya, ni zan tafi Mushin a Legas in sayo kaya da kaina a tsallake dilan Kano, ni da ko Kwantagora ban taɓa wucewa ba. Yadda Inna ta karɓi maganar sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.