Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Jan Layi a Littafin Sa Hannu

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni sashen rajista, ɗakin da fayil-fayil ke kwana. Shekarar 1984 ce, Buhari da Idiagbon sun ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, ana sa manyan mutane tsallen kwaɗo saboda makara. Sabon ogan da aka kawo mana ya ba da umarni a riƙa jan layi da jan biro a littafin sa hannu ƙarfe takwas daidai. Duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin, takardar tuhuma ce ke jiransa.

Ni dai abin ya burge ni. Na ce wa Baba masinja, wanda ke ɗaukar fayil tun zamanin Sardauna, "Baba, yanzu kam gyara ya zo." Ya ɓare goronsa, ya ce, "Yaro, baƙo raɓa ne."

Bayan juyin mulkin Agusta 1985 ba a daina jan layin ba. Sai dai ya koma ƙarfe goma, kuma kowa na sa wa abokinsa hannu.

Baba ne ya fahimtar da ni inda gizo ke saƙar. Lokacin da Murtala ya kori dubban ma'aikata a 1975, wasu a rediyo suka ji sunansu. Waɗanda suka tsira sun ɗauki darasi guda: wanda ya sa hannu a fayil shi ake kamawa, ba a korar mutum don fayil ya yi wata uku a kan teburinsa. Shi ya sa kowa ke rubuta "a duba" ya tura gaba. Babu takardar da ta ƙunshi wannan doka, a bakin mai shayi ake koya wa sabon ɗauka a makonsa na farko.

A 1988 aka sauya wa manyan sakatarori suna zuwa daraktoci janar. Muka sauya allon ƙofa da hatimi. Zamanin Abacha aka dawo da tsohon sunan, muka ciro tsohon allon daga sito, don Baba ya hana a yar.

Kowane oga da zafinsa yake zuwa, amma ranar da ya nemi tsohon fayil, mu kaɗai muka san inda yake. Daga nan sai ka ji ya sassauta murya: "To, Malam, da yaya kuka saba yi?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka kawo mana kwamfuta.