Iskar da ke cin wayar wuta tsakanin Kaduna da Kano

A hunturun bana na raka Kawu zuwa Kano daga Kaduna. Shekarunsa na aiki duk a kan layin wuta ya yi su, don haka tun daga Mando idonsa na kan turakun babban layin nan mai kilobol 330 da ke zuwa Kumbotso, yana hango su suna ɓullowa suna ɓacewa cikin hazo.

Bayan Zariya tayarmu ta yi faci. Kafin direba ya gama, Kawu ya ja ni cikin wata gona da aka girbe, muka tsaya nesa da turke ɗaya. Ya nuna mini wasu ƙananan ƙarafa masu kai biyu, rataye a jikin waya dab da tangaran ɗin da ke raba wayar da turke.

"Ka san amfanin waɗancan, ɗana?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya ce wayar zare-zaren alminiyam ce aka murɗa a kan cibiyar ƙarfe. Guguwa ba ta ba shi tsoro kamar wannan iska mai sanyin hali da ke kaɗawa a fili ba tsayawa. Ita ce ke sa wayar rawar ɗari, sau gommai a daƙiƙa guda, ido bai gani. Duk wahalar kuwa a bakin matsin da ya riƙe wayar take taruwa. Nan zaren ke gogar ɗan'uwansa, tsaga ta fara, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Alminiyam ba ya yafe gajiya, komai ƙanƙantar lanƙwasar tana taruwa. Sau da yawa zaren ciki ne ke fara karyewa, daga ƙasa kuma ka rantse wayar lafiya lau take.

Ƙarafan nan su ke shanye rawar. Wani injiniyan Amurka, George Stockbridge, ya ƙirƙiro su a shekarun 1920, har yau sunansa suke ɗauke da shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Muna yawan maganar ɓarayin waya da masu rusa turaku, amma ban taɓa jin an tambayi wa ke hawa ya buɗe matsi ya duba zaren ba, ko ya mayar da ƙarfen da ya zame. A ganina aikin nan ya cancanci kuɗi da ma'aikata tun kafin waya ta faɗo.

Direba ya yi mana hon. La'asar sakaliya muka shiga Kano ta Na'ibawa.