Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwatin da na bari a zaure

A makon jiya na tsaya a inda aka gama rabon gadon Baba, motarsa ta faɗo a kasona. Fijo 504 ce ta 1982, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Fara ce sol a zamaninta, amma lokacin da ta zo hannuna a 2004 ta koma launin koko. Cikin 'yan'uwana babu wanda ya ja da ni a kanta.

Ranar da Hajiya ta miƙa mini makulli sai da ta sa na buɗe but, ta nuna mini wani akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana. "Wannan ba ya sauka," in ji ta. "Tunda Alhaji ya sayi motar nan ban taɓa ganin ya sauke shi ba."

Na ɗaga murfi. Fambel sabo a ledarsa, fulogi huɗu a naɗe cikin tsohuwar jarida, guntun tiyo, waya ta ɗauri, filaya, sukundireba, sifanu tun daga lamba 10 har 17, man birki, baƙin mai, tocila da igiyar ja. A gefe guda ga gwangwanin Bournvita, a cikinsa kwantak da kwandensa, da guntun sabulu, da kwalin ashana wanda ko tsinke ɗaya babu. Sabulun daga baya na san aikinsa: in tanki ya huje a hanya, a murza shi a liƙe wurin, fetur ba ya narkar da shi. Kwalin kuwa shara na ɗauke shi. Kunyar Hajiya ce kawai ta hana ni jefarwa.

Wata huɗu bayan haka aka tashi kai lefen ƙanena Daura. Bazara ce, rana tun hantsi kamar ta dafa mutum. But ɗin 504 ba ƙarami ba ne, amma akwatunan lefe suka ƙi shiga, Gwaggo kuma ta rantse ba za a ɗaura ko ɗaya a bisa ya sha ƙura ba. Sai na ciro akwatin Baba da jarkar ruwa na jingine su a zaure.

Kawu yana tsaye yana kallona. Tsohon direban tasha ne, ya yi shekaru yana jigilar Katsina zuwa Kano.

"Ɗana, me ka sauke?"

"Tarkace ne, Kawu. Daura ce fa, kilomita tamanin."

Bai tanka ba. Ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin nan ya jefa a aljihun riga, ya shiga gaba ya zauna.

Mun wuce Mashi da kaɗan mota ta fara cijewa. In na taka totur sai ta yi tari, ta zabura, ta sake noƙewa. Can ta mutu murus. Na gangara gefen titi, na yi ta murza makulli har batir ya fara kuka. Wayata ba sabis. A baya Gwaggo ta fara salati, tana cewa dangin amarya sun girka abinci tun asuba, ga shi zan ja musu abin faɗa.

Kawu ya ce in buɗe bonet. Ko kallon kafireta bai yi ba, wadda ni ita na zarga. Ya ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da hular distirbuta, ya ce, "Matso ka gani." Bakin kwantak ya yi baƙi, ya ciccinye. Nan ya koya mini abin da makaranta ba ta koya mini ba: ɗan ƙarfen nan buɗewa da rufewa yake yi, kuma duk buɗewa ɗaya ita ke sa kwayil ta aika wuta ga fulogi. In kwandensa ta gaji, tartsatsi ya riƙa cin bakinsa har wuta ta daina wucewa.

Sukundireba tana zaure, don haka da bakin 'yar wuƙarsa ya kwance kwandensar ya ɗaura sabuwa. Sannan ya yagi gefen kwalin ashana, wajen da ake ƙyastawa, ya zura tsakanin bakin kwantak yana gurzawa a hankali har ƙarfe ya yi haske. Ya hura. Da kaurin kwalin kuma ya auna tazarar, wadda bai kamata ta kai rabin milimita ba.

"Alhaji ba ya ajiye shara," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Wasu samari da ke sharar gona suka zo suka tura mu, ta tashi a giya ta biyu. Gwaggo ta shi musu albarka, ni ko uffan ba ta ce mini ba.

Muna dab da Shargalle na ji wani abu ya yi fat a ƙarƙashin bonet. Jar fitilar batir ta kama, allurar zafi ta fara hawa. Fambel ne. Sabon yana Katsina, jarkar ruwa na kusa da shi. Kawu ya fita ya leƙa inji, sannan ya zagayo ya tsaya a tagar baya yana duban sabon gyalen Gwaggo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.