Abin da zan tafi da shi daga sashen tiyata

A wannan watan zan ajiye aikin nas, kuma dare ɗaya ne ya ƙi barin raina. Wata matashiya ce aka yi wa aiki a ciki. Na je duba ta, awon jininta lafiya lau, amma hannunta sanyi ƙalau, sai juye-juye take tana neman ruwa. Na kira babban likita na ce, "Ranka ya daɗe, jikina ya ba ni akwai matsala." Ya ce shi da lambobi yake aiki, ba da jin jikin nas ba. Saurin bugun zuciyar ma ya ce zafin ciwo ne. Kafin asuba jininta ya faɗi. Ashe jini ke zuba ta ciki. Aka koma da ita tiyata, rai ya yi halinsa.

Duk wanda ya karanci aikin nan ya san mai ƙuruciya kan yi asarar kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awo ya sauka, domin jijiyoyi kan tsuke su rufa wa jiki asiri. Sanyin hannu da ƙishirwa kan riga na'ura magana. Abin da ya raina ɗin nan ilimi ne da ido ya tara shekara da shekaru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne washegari. Mutumin da bai yarda da komai ba sai lamba, shi ne ya tsaya gaban iyayenta yana cewa haka Allah ya ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara, da ita nake iya rufe idon mamaci in koma kan mai rai. Amma da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya ce wa Abu Ubaida daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sai an yi abin da hankali ya ce a yi, sannan baki ya cancanci ambaton ƙaddara.

Ƙannena masu shigowa, in zuciya ta ɗarsa muku wani abu, ku sake awo, ku rubuta lokaci, in an ƙi saurarenku ku kira na gaba. Wani lokaci za ku tarar ba komai, kada hakan ya ba ku kunya. Sauran shawarwarin kuwa ƙanana ne: haƙuri da 'yan jinya, da kame baki a ofis.

Shi likitan yana nan, bara ma aka ƙara masa girma.