Godiya ga duk wanda ya sa hannu a zaman mata na ranar Asabar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah zaman da muka daɗe muna ta sanarwa an yi shi an tashi lafiya, sai yanzu na samu na zauna in yi godiya, saƙonni sun cika min waya ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, wanda bai ga amsata ba dan Allah ya yi haƙuri wannan rubutun naku ne baki ɗaya.

Ga waɗanda zancen bai iso musu ba, mata muka tara a nan Kano, ɗalibai da masu bautar ƙasa da matan aure har da wata malamar firamare da ta taso tun daga Zariya, domin kowace ta tura gyaranta na farko zuwa wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin manhajar da kod ɗinta yake a fili kowa zai iya karantawa ya gyara ya tura wa masu kula da ita su duba, kamar Firefox da VLC da WordPress da Linux ɗin da Android ɗin wayarki ke zaune a kansa. Mun zaɓi Oktoba ne saboda Hacktoberfest, shirin ƙarfafa mutane su tura gyara da kamfanin DigitalOcean ya fara a 2014, a watan ne masu ayyuka da yawa ke ware ƙananan matsaloli su sa musu alamar "good first issue" saboda sababbin shiga.

Tun muna shiri aka yi ta tambayata me ya sa sai mata kawai, ba a hana kowa buɗe GitHub ba ai, wato shafin da ake ajiye kod ana tura gyara. Gaskiya ne ba a hana ba. Amma binciken da GitHub ɗin da kansa ya yi a 2017 ya nuna cikin kowane mutum 100 da suka amsa 95 maza ne, mata 3 kacal. Kuma ba yau aka fara ba, a 2006 masu aikin GNOME, wata buɗaɗɗiyar manhaja ta Linux, sun samu takardun neman shiga Google Summer of Code, shirin Google na ɗalibai masu rubuta kod, guda 181 babu ko ɗaya daga mace, da suka buɗe wani shiri daban suka ce mata muke kira, mata kusan 100 ne suka nema aka ɗauki 6. To ina waɗannan matan suke a da? Suna nan, ba wanda ya kira su da sunansu ne kawai. Mu ma abin da muka gani ke nan, yawancin waɗanda suka zo sun iya Python ko HTML daidai gwargwado, wasu ma sun fi ni, amma ko sau ɗaya ba su taɓa rubuta tambaya a inda duniya za ta gani ba saboda tsoron kar a ce wannan ma ba ki sani ba.

Godiya ta farko ta Alhaji ce da ya ba mu ɗakin taro na makarantarsa kyauta, da aka ɗauke wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya shi da kansa ya sa aka tada janareta kuma ya hana mu biyan kuɗin mai. Alhaji Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifa. Sai waɗanda suka ba da aron laftof ɗinsu na yini guda, na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya miƙa abin sana'arsa ga wadda bai sani ba, duk sun koma hannun masu su lafiya. Da ɗan uwan da ya kawo na'urar intanet ɗinsa ya cika ta da data, ya kuma zauna a bakin ƙofa yana ta juya ta wajen taga duk sanda netwok ya yi ƙasa. Mun gode ƙwarai.

Mama, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Da na ce miki akwai masu goyo da suka ce ba za su iya zuwa ba saboda yara, cewa kika yi su taho da su, kika shimfiɗa tabarma a ɗakin da ke kusa ke da Anti kuka riƙe yaran tun safe har la'asar, da kunu da biskit da komai. Wallahi da ba dan ku ba da kujeru da yawa sun zauna ba kowa. Duk mai shirya wa mata irin wannan zama ya ji ni da kyau, in ba ka tanadi inda za a ajiye yara ba to 'yan mata kaɗai ka gayyata, matan aure ka sallame su tun kafin a fara. Haka lokaci ma, mun tashi kafin magariba da gangan dan kowa ta isa gida da haske.

Iyaye da mazajen da suka ba da izini, wasu ma suka kawo su da kansu a kan mashin suka dawo suka ɗauka, Allah ya saka da alheri. Akwai wani Baba da ya ce sai ya shigo ya ga abin da ake yi tukunna, muka ba shi kujera ya zauna ya kalli 'yarsa tana aiki, da zai tafi ya ce in za a sake a gaya masa zai turo ƙanwarta. Ni ban ga laifin uban da ya ce sai ya gani ba, haƙƙinsa ne, namu shi ne mu buɗe ƙofa mu nuna masa. Abban yara, kai ma na gode da haƙurin makonnin nan da kullum kaina na kan waya.

Yanzu masu koyarwa, mata da maza. Abu ɗaya na roƙe ku kafin a fara, kar wanda ya karɓi kibod daga hannun ɗaliba, ko da ta yi kuskure sau nawa, ka faɗa mata da baki ita ta danna. Na ga yadda abin ya yi muku wuya musamman da aka zo wajen Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, mace ta rubuta umarni baƙin allo ya cika da jan rubutu ta ɗago kai tana kallonka, hannunka na ƙaiƙayi ka gyara cikin daƙiƙa biyar, amma kuka daure kuka ce karanta min abin da ya ce, layi na ƙarshe me ya faɗa. Abin kamar koyon tuƙin tuwo ne, in duk sanda ya fara gudaji uwa ta karɓe muciya yarinya ba za ta taɓa iyawa ba. Na sha zuwa tarukan da namiji zai jawo kwamfutar gabansa ya gama komai da kyakkyawar niyya, mace ta koma gida da aiki a gama amma ba ta san yadda aka yi ba, gobe in ta zauna ita kaɗai sai ta rufe. Ku ba ku yi haka ba, shi ya sa da rana ta yi na ga waɗanda suka fara wucewa sun tashi suna nuna wa na kusa da su yadda ake reshe, wato ware gefen da za ki yi gyaranki ba tare da taɓa ainihin aikin ba, da yadda ake tura gyara ba tare da an ce su yi ba.

Akwai kuma wata baiwar Allah mai kula da ɗaya daga cikin ayyukan da muka tura wa gyara, ba mu san ta ba ba ta san mu ba, can wata ƙasa take. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta gyara umarnin girka manhajar da ya tsufa a takardar bayani, matar nan ba ta karɓa nan take ba, ta rubuto mata cikin mutunci ta ce ta gode, ga wuri ɗaya da za ta ƙara gyarawa ga kuma dalili, yarinyar ta gyara ta sake turawa, kafin mu yi sallar la'asar an haɗe shi cikin aikin. Ɗakin nan kabbara da tafi ya ɗauka. Na rubuta mata godiya da Turanci a can, amma ina so a san da ita a nan ma, dan amsar farko da sabuwar shiga ta samu ita ke sa ta dawo ko ta tafi ke nan.

Muhawarar da ta fi zafi a zaman ita ce ta suna da hoto. Wata ta kawo binciken nan na masana a jami'o'in Amurka da aka buga a 2017, wanda ya duba miliyoyin gyare-gyare a GitHub ya gano a dunƙule an fi karɓar na mata a kan na maza, amma in mace baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane mace ce daga shafinta sai karɓar ta ragu. Sai wasu suka ce to ai gara a ɓoye, a sa sunan da ba za a gane ba. Na fahimce su kuma ba zan ga laifin wadda ta zaɓi haka ba. Hoto kam ba dole ba ne ko kaɗan, ba wanda zai tambaye ki fuskarki, da yawanmu ba ma sa hoto a ko'ina kuma aikinmu na tafiya. Amma suna, ni ra'ayina ki sa wanda za ki iya nuna wa mai ɗaukar aiki gobe ki ce wannan ni ce, kuma ƙanwar da za ta zo bayanki in ta ga suna irin na gidansu a jerin masu gyara zuciyarta za ta yi ƙarfi. In wani ya yi miki rashin kunya, yawancin manyan ayyukan suna da rubutacciyar ƙa'idar mu'amala da adireshin da ake kai ƙara, ki duba ta tun kafin ki fara, aikin da ba shi da ita ki yi tunani sau biyu.

Ban manta da teburin baya ba, na waɗanda suka ce su ba su iya kod ba suna jin kunyar ma zuwa. Su ne suka zauna a kan Common Voice na Mozilla suna karanta jimlolin Hausa da muryarsu suna kuma sauraren na wasu suna tantancewa, wasu kuma suka buɗe translatewiki suna fassara saƙonnin MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta. Malamar nan ta Zariya ta fi kowa kama kuskuren rubutu, inda aka sa k a wurin ƙ ba ya wuce ta. Wannan aiki ne cikakke, kar wadda ta raina shi, in na'ura za ta koyi jin Hausa kuma muryar maza kaɗai ta ji to ranar da uwarki za ta yi mata magana ba lallai ta gane ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kar mu tura gyaran wofi dan a ƙirga mana. A Hacktoberfest na 2020 mutane sun cika ayyuka da irin wannan saboda rigar da ake ba wanda ya cika adadin gyara kyauta har sai da aka canja doka ya zama sai aikin da ya amince ne kawai ake ƙirgawa. Masu kula da ayyukan nan da yawansu ba biyansu ake ba, bayan sun tashi daga nasu aikin suke duba namu. Gyara ɗaya mai amfani ya ishe ki a wata, ki karanta takardar yadda ake ba da gudummawa kafin ki taɓa komai, in kin ɗauki matsala kuma abu ya taso miki ki rubuta ki ce na sake ta wani ya ɗauka.

Masu tambayar Outreachy, shi ne wancan shirin na GNOME da ya girma, marigayiya Marina Zhurakhinskaya ta farfaɗo da shi a 2010, a 2015 ya koma sunan da yake da shi yanzu ƙarƙashin Software Freedom Conservancy. Wata uku ne daga gida kike aiki da mai yi miki jagora, alawus ɗin dala 7,000, a ƙa'ida ana yi daga Mayu zuwa Agusta da kuma Disamba zuwa Maris. Matakin farko rubutu ne a kan irin ƙalubalen da kika fuskanta, in kin wuce sai a ba ki kusan wata guda ki yi ta tura gyara a aikin da kika zaɓa, daga nan ake zaɓe, kin ga abin da muka koya ranar Asabar shi ne ainihin jarrabawar. Gasar na da zafi ba zan ɓoye muku ba, wadda ba ta samu a karon farko ba ta sake nema, ɗalibai kuma ku karanta sharaɗin lokacin hutu da kyau a shafinsu, can ne ranakun suke. Ku kuma shiga She Code Africa da Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016, da Open Source Community Africa da suka kafa tare da Samson Goddy, ana yawan sa sanarwar dama a can kuma mu 'yan arewa ba mu da yawa a ciki, ku shiga ku yi magana a san muna nan.

Zama na gaba in sha Allahu ƙarshen wata mai zuwa, wuri ɗaya, kowace ta zo da gyaran da aka dawo mata da shi mu duba tare, kuma ta taho da mace ɗaya da ba ta zo wancan ba. Waɗanda aka haɗe nasu ku shirya ku ne za ku tsaya a gaba wannan karon. Har yanzu muna neman laftof ko da tsofaffi ne in dai suna kunnuwa za mu sa musu Linux, dan akwai waɗanda suka koma gida ba su da abin ci gaba sai waya. Mai hali ya yi min magana ta akwati. 'Yar uwarmu da zazzaɓi ya hana ta zuwa Allah ya ba ki lafiya, mun ajiye miki bayanan duka, za a zo har gida a zauna da ke. Allah ya saka wa kowa da alheri, na gode na gode.