Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Birki Ya Tsinke Mana a Gangaren Mampong

A makon jiya na tsaya a inda na cika shekara biyu ina koyon aiki a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a ƙasar Gana, hannuna ya fara sabawa da sifana, har Maigida kan bar ni in kwance taya ni kaɗai. Abin da zan ba ku yau ya faru ne a 2007, shekarar da aka canza mana kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya.

Kawuna, yayan Mma mahaifiyata, yana da wata tsohuwar Peugeot 504 mai dogon baya, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake ɗauko masara da doya daga Ejura. An yi wa 'yar'uwarmu haihuwa a can, aka sa ranar suna. Ana gobe tafiya ya kawo motar ƙofar gidanmu a Aboabo, ya ce, "Ɗan Magazin, zo ka duba mini ita." Na duba baƙin mai da ruwa. Da na buɗe ɗan gwangwanin man birki sai na ga man ya yi duhu kamar shayin da ya kwana, ya kuma ɗan ragu. Akwai wata tsohuwar kwalbar man birki a but, murfinta ba ya rufuwa sosai. Ita na ɗauko na cika da ita, na taka feda na ji ta da tauri, na ce, "Kawu, lafiya lau take."

Zuwa muka je lafiya. A dawowa mu bakwai ne a ciki, har da Mma da matar Kawu da goyonta, ga buhun masara biyu da doya a baya. Wanda ya san hanyar ya san cewa da ka bar Mampong sai titi ya fara gangarowa daga kan dutse, kwana bayan kwana, har ka sauko Jamasi. Kawu yana da ɗabi'ar direbobi da yawa: in ya zo gangare sai ya cire giya ya sa firi don ya rage shan fetur, ya ɗora ƙafa a kan birki. Tun kafin gangaren na fara jin wani ƙauri, na ɗauka hayaƙin gona ne.

A wata kwana na ji ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ina kusa da shi, na ga ƙafarsa ta kai ƙasa, motar kuwa sai ƙara gudu take. Mata suka ɗauki salati. Allah ya saka wa Kawu da alheri, hankalinsa bai gushe ba. Ya yi ta buga feda da sauri, ya danna giya ta uku, inji ya yi kururuwa, ya sake cusa ta biyu, yana jan birkin hannu kaɗan-kaɗan yana saki don kada tayoyin baya su kafe mu juya. Daga ƙarshe ya karkata sitiyari wajen jikin dutse, muka goga ciyawa da jar ƙasa har muka tsaya. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Mma ta fito ta zauna a ƙasa, ta kasa magana.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Bayan mun yi kamar minti arba'in a wurin, Kawu ya shiga ya taka feda, sai ga birki ya dawo garau, kamar ba shi ne ya tsinke ba. Mutanen da suka taru kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce iskokin wurin ne, wani ya ce hannu aka sa. Kawu ya ce tunda ya dawo mu lallaɓa mu isa Kumasi kafin magariba. Ni kuwa na zaga na yayyafa wa kowace taya ruwan buta. Ta gaba ta dama da zafi, amma ta hagu sai da ta yi cuu, tururi ya tashi. Na kira Maigida a waya. Bai bari na gama ba ya ce, "Ba Alhaji wayar," wato Kawu. Ina jin muryarsa yana cewa, "Alhaji, don girman Allah kada ka sake ɗaukar rai ko ɗaya a motar nan yau. Birkin da ya tafi ya dawo da kansa zai sake tafiya." Aka sa matan a torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, mu kuma wata babbar mota ta ja mu da sandar ƙarfe har Suame.

Washegari Maigida ya sa ni a gaba, ya ce ni zan nemo ciwon. Muka fara da yoyo: ƙarƙashin mota, bayan kowace taya, bututan ƙarfe, da bayan feda inda silindar da muke kira masta take. Ko ɗigo babu. Ya ce in taka feda in riƙe minti ɗaya. Da robobin cikin masta ne suka gaji, feda za ta riƙa nutsewa a hankali ko da babu yoyo a waje. Ba ta nutse ba. Muka ɗaga gaba da jak, na buga birki sau biyar na saki. Tayar dama ta juya da yatsa ɗaya, ta hagu kuwa sai da na sa hannu biyu. Ya miƙo mini ƙaramar sifana ya ce in sassauta noti na cire iska a wannan tayar. Mai ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki.

"Me ka gani?" ya tambaye ni. Na ce mai ne ya shiga bai samu hanyar komawa ba. Ya ce da fistin da ke matse takalman birki ne ya yi tsatsa ya kafe, ko na buɗe notin taya ba za ta saki ba. Muka kwance tiyon roba da ke kai mai ga tayar. Daga waje lafiyayye ne, amma da ya tsaga shi da wuƙa sai ga cikinsa ya kumbura ya ruɓe, in an taka mai ya wuce da ƙarfi, in an saki ya toshe. Wato tun daga Ejura birkin tayar nan yana riƙe, tana gasuwa, gangaren kuma ya ƙarasa ta.

Sai ya zo kan man. Man birki yana shan danshin iska, a ƙasa irin tamu mai yawan ruwan sama kuwa abin ya fi sauri. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuma matsewa yake yi, shi ya sa feda ke faɗawa ƙasa. In ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo. Har gobe raina yana ɓaci in na ji direba yana cewa ya zuba ruwan sabulu a madadin man birki ya kai gida lafiya, alhali da 'ya'yan mutane a bayansa.

Maigida bai daka mini tsawa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka ga man ya yi baƙi, me ya hana ka faɗa?" Na ce nauyin Kawu na ji, kada in sa shi kashe kuɗi ana gobe suna. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in je in sayo mai a rufaffiyar kwalba, in tabbata ba a taɓa fasa murfinta ba. Ina tafe ina share hawaye, fuskar jaririn da ke goye a motar nan kawai nake gani.

Muka canza tiyo na gaba duka biyu, da takalman birki da suka ƙone suka yi santsi, aka kai faifan birkin tayar hagu aka goge shi don ya yi shuɗi saboda wuta. Muka zubar da tsohon mai kaf. Tunda Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, sitiyari da masta suna hagu, don haka muka fara cire iska daga tayar baya ta dama, wadda ta fi nisa. Ina kan feda yana ƙasa: "Buga! Riƙe! Saki!" har mai ya fito fes babu kumfa a tayoyi huɗun.

Da Kawu ya zo karɓar makulli, Maigida ya ja shi gefe cikin ladabi ya ce, "Alhaji, giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko." Mako guda bayan nan Kawu ya ce in raka shi Ejura ɗauko masara. Muka sauko gangaren a giya ta biyu, babu mai magana. A Jamasi ya tsaya ba tare da na roƙe shi ba, na fita na dafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ɗumi kawai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda Mma ta so ta raba ni da Magazin ta mayar da ni rumfar goro.