Daga Georgiana zuwa maƙabartun Montgomery: bin sawun Hank Williams

Titin da ya bar Montgomery, babban birnin jihar Alabama a Amurka, ya nufi kudu, yana ratsa dazuzzukan dogayen itatuwan katako ne, kuma cikin kimanin awa guda a mota mutum zai iso Georgiana, ƙaramin garin da mazaunansa ba su kai dubu biyu ba. Na bi wannan hanya da hantsi domin in ga inda Hank Williams ya tashi, mawaƙin da masu sauraron waƙar karkara ta Amurka, wadda ake yi da jita da goge irin na Turawa, suke ɗauka a matsayin uban gidansu, duk da cewa bai cika shekara talatin a duniya ba.

Georgiana gari ne na layin dogo. Jirgin ƙasa yana ratsa tsakiyarsa, kuma da yawa daga cikin shagunan bulo da ke fuskantar layin a kulle na same su. Gidan da Williams ya yi ƙuruciya a ciki yana kan titin Rose, farin gida ne na katako mai faffaɗar baranda, wanda a yanzu aka mayar da shi gidan tarihi. An haife shi a ƙauyen Mount Olive da ke kusa a shekarar 1923, kuma iyalin sun zauna a wannan gida a farkon shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Mahaifinsa Lon, wanda ke tuƙa jirgin ƙasa na wani kamfanin katako, ya shafe shekaru yana jinya a asibitin tsoffin sojoji, saboda haka nauyin gida ya koma wuyan mahaifiyarsa Lillie, wadda ke karɓar baƙi 'yan haya tana dafa musu abinci. Shi kuwa yaron yana tallan gyaɗa, yana kuma goge takalma a kan titi.

A kan titin ne ya gamu da Rufus Payne, wani baƙar fata mai kiɗan jita da ake yi wa laƙabi da Tee-Tot, wanda ke neman abin sakawa a bakin salati ta hanyar yi wa masu wucewa waƙa. Yaron ya maƙale masa, yana binsa duk inda ya sa ƙafa, Lillie kuma takan sallami malamin da abinci ko 'yan kuɗi kaɗan. Wannan ya faru ne a zamanin da doka ta raba farare da baƙaƙe a makaranta da mota da wurin cin abinci. Daga wurin Payne ya koyi riƙe bugun jita ba tare da ya kauce ba, da salon waƙar baƙin ciki ta baƙaƙen kudu, kuma shi da bakinsa ya shaida daga baya cewa wannan ne iyakar karatun kiɗan da ya taɓa yi.

A cikin gidan akwai hotuna da tsoffin faya-fayai da tufafi, amma ni barandar ce ta fi riƙe ni. Na zauna a can har wani jirgin kaya ya wuce yana busa ƙaho, ƙarar ta cika unguwar, sai na gane dalilin da ya sa kukan jirgi yake yawan faɗowa cikin waƙoƙinsa.

Da la'asar na koma Montgomery, garin da iyalin suka ƙaura a 1937, inda ya fara waƙa a gidan rediyon WSFA yana matashi. A gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa an ajiye motar Cadillac mai launin shuɗi-shuɗi wadda ya cika a kujerar bayanta. Ya shiga shahararren dandalin Grand Ole Opry na Nashville a 1949, aka sallame shi a 1952 saboda shaye-shaye, wanda ciwon baya da aka haife shi da shi ya ƙara tsananta. Ranar 1 ga Janairun 1953, ana kan hanyar kai shi wasa a Canton ta jihar Ohio, direbansa, wani ɗalibi matashi, ya tsaya a Oak Hill ta West Virginia ya tarar rai ya yi halinsa. Yana da shekara 29.

Kabarinsa a maƙabartar Oakwood ba ya ɓoyuwa: farin dutse ne dogo, an sassaƙa malafarsa da dutse a gindinsa, an shimfiɗa ciyawar roba kewaye, tsohuwar matarsa Audrey kuma tana kwance a gefensa. Na tarar da furanni da 'yan kuɗin ƙarfe da maziyarta suka ajiye.

Daga nan na nemi maƙabartar Lincoln, inda ake binne baƙaƙe a wancan zamani. Payne ya rasu a Montgomery a 1939, tun kafin almajirinsa ya yi suna, kuma an binne shi ba tare da wata alama ba. Shekaru da yawa bayan haka aka kafa masa dutsen tunawa, sai dai saboda babu wanda ya san ainihin ramin da yake ciki, a kusa da ƙofar shiga aka dasa shi. Ban tarar da kowa ba a wurin, ban da wani dattijo da ke yankan ciyawa can nesa, wanda ya ɗaga mini hannu ya ci gaba da aikinsa.